Maki Shida

A sashen nazarin halayyar ɗan Adam na jami'ar, ofishinta ne na ƙarshe a hawa na biyu, bayan ka wuce banɗakin nan da ƙofarsa ba ta rufuwa. Shekara talatin da ɗaya tana cikinsa. An sauya shugabannin sashe har takwas, an sake fenti sau uku, da ta zama farfesa aka ba ta babban ofis a ƙasa, ta ce a bar ta inda take, wai ta saba da ƙarar fankarta. Ɗalibai ba sa ce mata Farfesa sai a gabanta. A bayan idonta sunanta Ina-Hujja, domin ko cewa ka yi yau garin da zafi, sai ta leƙo ka ta saman tabarau kamar za ta ce ka kawo shaida a rubuce. Sauran jama'a kuwa, daga masu shara har likitocin asibitin koyarwa, Malama suke ce mata. Mijinta ma haka yake kiranta, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ba son boko kawai ne ya kai ta fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ba. Tana 'yar shekara goma sha biyu mahaifiyarta ta haifi ƙaninta na ƙarshe, daga nan ta zauna a bakin gado tana kallon bango. Wata biyar ana abu ɗaya. Dangi suka yi ta zuwa suna tofa albarkacin bakinsu. Wannan ta ce son jiki ne, waccan ta ce rashin godiya ne, wata gwaggo kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke a kanki aka fara haihuwa?" Yarinyar ce ke wanke kayan jariri, ita ke goyo, ita ke tura wa uwar abinci tana maido shi yadda aka kawo. Daga baya uwar ta miƙe ta ci gaba da hidimarta, amma dariyarta ba ta dawo duka ba har ta koma ga Allah. Abin ya tsaya wa yarinyar a rai. So take ta san sunan abin da ya kama uwarta, ta kuma san yadda za a gane shi tun kafin dangi su fara zagi.

Da ta samu aikin koyarwa, abokan aikinta suka riƙa rubuce-rubuce daga cikin ofis, ita kuwa ta koma kan bencin asibiti. Duk ranar rigakafin jarirai tana can tun da sassafe, cikin layin masu jego, da littafi a cinya, kukan yara na hawa mata ka. Shekara tara ta yi tana wannan zama. A nan ta gano abin da ya zama aikin rayuwarta: macen da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa ba ta cewa tana cikin baƙin ciki. Wa zai faɗi haka da jariri lafiyayye a hannu? Sai dai ta ce kanta na zafi, ko abinci ba ya mata ɗanɗano, ko ta ce in yaron ya yi kuka ji take kamar daga gidan maƙwabta ne. Malama ta tattara irin waɗannan maganganu, ta tace, ta gwada, ta zubar, ta sake gwadawa, har ta fitar da tambayoyi goma sha huɗu a fallen takarda ɗaya. Kowace amsa da makinta, daga sifili zuwa uku. Wadda ta kai sha biyar, a tura ta wurin likita ranar, ba gobe ba.

Ma'aunin yana da dogon suna a mujallun bincike, amma nas-nas da ungozomomi takardar Malama suke ce masa. Akwai abin da take nanatawa duk sanda take horar da su, har sun haddace suna kwaikwayon muryarta a ɗakin hutu.

"Ku ji tsoron mai sifili," in ji ta. "Babu macen da za ta haihu ta ce barci ya ishe ta, jiki garau, ko hawaye ba ta yi ba. Mai sifili ɓoyewa take. Mai jego mai lafiya tsakanin biyar da bakwai take samu: 'yar gajiya, ɗan rashin barci, kuka sau ɗaya ko biyu. In kun ga haka, hankalinku ya kwanta."

A gida, teburin cin abinci ya daɗe da daina aikinsa. Takardu ne tuli guda, jan fayil na waɗanda za a bibiya, koren fayil na masu lafiya. Mijinta, wanda ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya, a kan kujera yake cin abinci da faranti a gwiwa, bai taɓa ƙorafi ba. 'Ya'yanta maza biyu ba ruwansu da harkar. Auta ce, 'yarta mace tilo, ta taso a gindin teburin nan. Tun tana sakandare ita ke buga wa uwar takardu a kwamfuta, saboda Malama da yatsa biyu take bugawa kamar kaza na tsattsagar hatsi. Tambayoyin, makin, littafin horar da nas-nas, duk ta hannun Auta suka bi. Har wasa ta mayar da abin. Sai ta ɗauki biro ta tsaya a kan ubanta.

"Baba, a satin nan sau nawa ka ji abinci ba ya maka ɗanɗano?"

"Duk ranar da uwarki ta shiga kicin."

"Maki uku ke nan. Mama, a sa Baba a jan fayil."

Malama takan yi dariya har ta cire tabarau. Kada wani ya ce ba ta son 'yarta, don wallahi tana sonta, so mai tsanani ma. Matsalar dai ita ce sonta ta hanyar tambaya yake fitowa. Auta ta faɗi ta ƙuje gwiwa, wasu iyayen sai su rungume su hura wurin, ita kuwa sai ta durƙusa ta ce, "Daga ɗaya zuwa goma, zafin nawa ne?" Ranar da Auta ta dawo tana kuka ƙawarta ta daina yi mata magana, sai uwar ta ja kujera ta zauna a gabanta, ta haɗa yatsu, ta ce, "To, me kika ji a ranki lokacin?" A ganinta ai ta fi sauran iyaye, tunda ita tana saurare. Ba ta lura cewa tun Auta na shekara sha shida ta daina kawo mata kuka ba. Ta ɗauka yarinya ce ta yi hankali.

Auta ta karanta zanen gine-gine, ta kama aiki, ta auri wani malamin lissafi mai sanyin hali, bayan shekara biyu ta haifi 'ya mace. Malama ta je asibiti, ta ɗauki jikarta, ta yi hawaye a ɓoye, ta koma jami'a domin lokacin kare kundin bincike ne, ɗalibai bakwai na jiranta.

Sati biyar da haihuwar, surukinta ya kira ta a waya. Ya yi ta gaisuwa yana zagaye-zagaye, sannan ya ce, "Mama, ko za ki leƙo mana? Ba wani abu ba ne. Kawai dai ba ta cika magana ba kwanan nan."

Ranar Laraba ta je, tsakanin laccar ƙarfe goma da zaman ƙarfe biyu. Tun daga bakin ƙofa gabanta ya faɗi. Rana tsaka amma labule a sauke. Kofuna uku na shayi a kan tebur, kowanne cike, ya huce har ya yi fata. Jaririyar tsaf da ita, an yi mata wanka an shafa hoda, uwar kuwa tana zaune a bakin gado da rigar da alama ta kwana biyu a jikinta, kitson kanta ya tsufa ya cukurkuɗe. Malama ta san wannan zama. Ta san shi tun tana shekara goma sha biyu, ta kuma gan shi sau dubu a kan benci. Ba sai an gaya mata ba.

To amma sani daban, yarda daban. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a kan 'yar wani ba. Kuma duk rayuwarta abu ɗaya take yi in tsoro ya kama ta, wato ta nemi hujja.

Auta ta ɗago kai ta dube ta. Leɓenta ya motsa.

"Mama..."

"Tsaya, 'yata. Bari mu bi abin a tsari."

Ta zuge jaka, ta zaro takardar, ta ɗora a kan wani littafi, ta miƙa mata da biro. Auta ta daɗe tana kallon fallen nan da ita da kanta ta buga shi. Sannan ta karɓa. Ko minti biyu ba ta yi ba ta cike ta miƙo.

Malama ta bi layin makin da yatsa tana haɗawa. Shida. Ta sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama. Shida dai. Wani sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta yi ajiyar zuciya, ta yi dariya, ta miƙe ta ɗage labule.

"Gajiya ce kawai. Kin ba ni tsoro, ja'ira. Ki riƙa barci duk sanda ta yi barci, ki bar wanke-wanke, duniya ba za ta tashi ba."

"To, Mama."

Ta sumbaci jaririyar, ta gaya wa surukin a bakin mota cewa ta duba, babu komai, ya dai riƙa taimakawa da raino. Ƙarfe biyu saura minti biyar tana kan kujerarta a ɗakin zaman, tana yi wa wani ɗalibi tambayar da ta sa shi gumi.

Da yamma ta ba mijinta labari da fara'a, kai ka ce sakamakon jarrabawa ne. Shi kuwa ya je gidan ranar Litinin da ta wuce, ya zauna rabin awa, ya dawo bai ce komai ba. Yanzu ya ajiye rediyonsa ya ce, "Ni dai, Malama, idon yarinyar nan bai yi mini ba."

"Ido? Ina hujjar?"

Ya ɗauki rediyonsa ya ci gaba da saurare. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana raba wasiƙun da ba ya buɗewa, ya saba barin abu a rufe.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, tana tsakiyar lacca a babban ɗaki, wayarta a kashe kamar yadda dokarta take, sai ta hango sakatariyar sashe a bakin ƙofa tana murza hannu. Shekara ashirin matar nan ba ta taɓa katse mata aji ba. Malama ta ajiye allin da ke hannunta, ta manta ma ba ta ce wa ɗalibai komai ba.

A hanya aka gaya mata. Da safe, bayan surukin nata ya tafi makaranta, Auta ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya, ta miƙa mata jaririyar da jakar kayanta a shirye, ta ce ta riƙe mata minti biyar. Awa uku ba ta dawo ba. Wani mai sayar da jarida ne ya lura da wata mata ba takalmi a kan gadar masu tafiya a ƙasa, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu tana kallon motoci. Allah ya sa ya bar jaridunsa ya hau ya tsaya kusa da ita yana yi mata surutu har jama'a suka taru. Auta ce, da ranta, ko ƙwarzane babu. An kai ta sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa.

Wannan sashe kuwa Malama ta san shi kamar tafin hannunta. Rabin ma'aikatan ta hannunta suka bi. Ta shigo da sauri, nas-nas na miƙewa suna gaishe ta, har ta kai hannu ga ƙofar ɗakin mata sai likitan sashen ya sha gabanta. Tsohon ɗalibinta ne, wanda ta taɓa maido masa da kundinsa sau biyu da jan biro. Yanzu ya yi sanƙo ya yi tumbi, amma a gabanta har yau hannunsa a baya yake.

"Malama, ranki ya daɗe, mu ɗan shiga ofis."

"Matsa mini, 'yata ce a ciki."

"Na sani, Malama. Ta samu natsuwa, mun fara ba ta magani, mijinta na tare da ita. Mun tambaye ta waɗanda take so su shigo. Ta ce mijinta, da Baba, da yayyenta, da uwar mijinta."

"Sai kuma ni."

Ya dubi ƙasa.

"Ta ce ban da ke, Malama."

Ta tsaya tana kallonsa kamar ba ta jin yaren da ya yi magana da shi. Sannan ranta ya ɓaci, don ɓacin rai ya fi sauƙin ɗauka.

"Kai, ka san da wa kake magana? Wa ya koya maka aikin nan?"

"Ke ce, Malama. Aji uku, zangon farko. Kin ce in mara lafiya ya ce ba ya son ganin mutum, a tsare masa ƙofa, ko da uwar da ta haife shi ce. Har a jarrabawa kin kawo mana."

"To nuna mini fayil ɗinta."

"Shi ma kin hana mu, Malama."

Akwai wani dogon benci a barandar sashen, ƙarƙashin allon sanarwa. A nan ta zauna. Ta jima tana kallon tayil. Can sai ta zuge jaka ta lalubo takardar ranar Laraba, tana nan a ninke cikin littafin lacca. Wannan karon ba makin ta haɗa ba, amsoshin ta karanta. Barci, biyu. Gajiya, biyu. Ɗanɗanon abinci, ɗaya. Kuka, ɗaya. Saura duk sifili. Ta san wannan jeri. Shi ne misalin da ke shafi na goma sha ɗaya a littafin horar da nas-nas, wanda aka rubuta a samansa cewa ga yadda takardar mai jego mai lafiya take. Auta ce ta buga shafin, ta sake buga shi a duk bugun da aka sabunta. Yarinyar ba ta amsa tambaya ko ɗaya ba. Abin da ta san zai kwantar wa uwarta da hankali ta kwafe mata daga ka.

Sai idonta ya kai kan tambaya ta sha huɗu, wadda ke cewa ko kin taɓa jin cewa jaririnki zai fi jin daɗi in ba kya nan. Auta ta zaɓi "ko sau ɗaya ban taɓa ba." Amma ta danna biron da ƙarfi har ya huda takardar. Malama ta ɗaga fallen sama, hasken baranda ya ratso ta hudar. Kwana tara takardar na cikin jakarta. Da ta duba da ta gani, amma ita lissafi ta yi.

A nan ta yi kuka, a gaban ɗalibanta na da da na yanzu, kukan da ba ta yi irinsa ba ko ranar da aka binne mahaifiyarta. Nas-nas suka riƙa wucewa suna kau da kai don kunya.

Kwana goma sha shida ta yi a kan bencin nan. Ta nemi wani ya riƙe mata azuzuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Kullum sai ta yi girki da kanta, mijinta ya shiga da kular, ya fito da ita, ita kuma ta buɗe ta ga ko an ci. Ba ta tambayarsa me Auta ta ce, shi ma ba ya faɗa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne godiyar mutane. Wata tsohuwa da ke jinyar 'yarta a ɗakin ta ji an ce ga mai takardar nan, sai ta zo ta kama hannunta biyu.

"Baiwar Allah, ke ce? Takardarki ce ta ceci 'yata. A wurin rigakafi aka gane, aka turo mu. Allah ya saka miki, Allah ya raya miki naki."

Malama ta ce amin.

Da la'asar takan bi ta gidan uwar mijin Auta, inda jaririyar take. Matar tela ce, ko aji ɗaya ba ta taɓa zama ba, ga surutu ga dariya. Ita ke shiga wurin Auta kullum da rana. Wata rana Malama ta cije ta tambaye ta me suke tattaunawa in ta shiga.

"Tattaunawa? Ai ba ma wata magana. Ina zuwa sai in hau gadon in ja ƙafafunta in ɗora a cinyata in yi ta matsa mata. In ta yi kuka in taya ta. Ni me na sani, Malama? Ku ne masu ilimin."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi zafi.

A rana ta goma sha bakwai, likitan ya fito ya tsaya a gaban bencin. "Ta ce ki shigo, Malama. Minti goma."

Ta miƙe, ta yi taku biyu, ta dawo ta ajiye jakarta a cinyar mijinta. Ta cire tabarau ma ta ba shi. A ranta ta ɗau alkawari, ko za ta mutu ba za ta yi tambaya ko ɗaya ba.

Gadon Auta na bakin taga. Ta rame, amma idonta ya dawo nata. Malama ta tsaya a gefen gadon, hannuwanta na lilo, ba ta san inda za ta ajiye su ba. Farfesa guda, mai littafi uku a kan yadda ake zama da mara lafiya, ta rasa yadda ake zama.

"Sannu, Auta."

"Yauwa, Mama."

Fanka na juyawa, wata mata a gadon ƙarshe na waya ƙasa-ƙasa.

"Ranar da kika zo," in ji Auta, tana kallon bargo, "tun da safe nake shirya abin da zan gaya miki. Da na ji motarki sai na ce shi ke nan, Mama ta zo, ita kam za ta gani. Na buɗe baki, sai kika buɗe jaka."

"Na gani, Auta. Wallahi tun daga ƙofa na gani. Tsoro na ji."

"Ni ma tsoron nake ji, Mama. Ni da ke ciki."

"Na yi kuskure. Ki yafe mini."

Auta ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta juya fuska ga taga. A nan ɗankwalinta ya zame, Malama ta ga kitson nan na tun kafin haihuwa, ya dunƙule ya yi tauri, ba wanda ya lura da shi a cikin wannan tashin hankali. Ba ta nemi izini ba, don neman izini ma tambaya ce. Ta zauna a bayanta a kan gadon, ta kama jelar kitso ɗaya ta fara tsefewa da yatsu.

Ba ta iya ba. Duk yarintar Auta wurin mai kitso ake kai ta, uwar na mota tana duba takardun jarrabawa. Yatsunta suka riƙa sarƙewa, tana ja inda bai kamata ba. Auta ta ce "wash" sau ɗaya, amma ba ta janye kai ba. A hankali ma sai Malama ta ji bayan 'yarta ya ɗan jingino da ƙirjinta, kaɗan dai, kamar na mai gyangyaɗi a mota. Ta riƙe numfashi kada ta motsa. Minti goman suka wuce, nas ta leƙo ta koma. Ta tsefe guda biyar, saura wajen bakwai, sai Auta ta gyara zama ta ja ɗankwali ta rufe kan.

"Na gaji, Mama."

"To. Gobe sai in ƙarasa miki."

"Kada ki zo gobe. In na shirya zan aiko."

Malama ta buɗe baki, tambayoyi cike da shi: yaushe, ta wa, kwana nawa. Ta haɗiye su duka. Ta ce, "To, 'yata," ta fita.

A hanyar gida ta sa mijinta ya tsaya a wani kanti. Ta sayi mataji mai manyan haƙora da kwalbar man gashi, ta kuma tsaya tana tambayar yarinyar kantin yadda ake tsefe kitson da ya daɗe ba tare da an ji zafi ba. Yarinyar ta nuna mata a kan nata kan: a shafa mai tukuna, a fara daga jela, kada a ja daga tushe. Malama ta saurara kamar ɗalibar da ke tsoron faɗuwa. Ta daina zuwa bencin, tunda an ce kada ta zo, ta koma aji. Amma a karon farko cikin shekara talatin da ɗaya ta riƙa shiga lacca ba tare da ta kashe waya ba, tana ajiye ta a kan tebur kusa da alli. Ɗalibai suka yi ta mamaki.

Kwana huɗu ba a aiko ba. A na biyar, ranar da aka sallami Auta, mijinta ya biyo ta jami'a da rana, ya hau benen da ƙyar saboda gwiwarsa, ya zauna a kujerar da ɗalibai ke zama.

"An sallame ta. Likita ya ce da sauƙi sosai, sai dai a ci gaba da magani da zuwa ganinsa."

"Alhamdu lillahi. Na gyara mata ɗakinta, na sa an ɗaura gadon jaririyar a..."

"Gidan uwar mijinta ta ce a kai ta, Malama. Can za ta zauna tukuna."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara wasu takardu a kan tebur da ba sa bukatar gyara. Jakarta na nan a gefen kujera, bakin kwalbar man ya ɗan leƙo.

"Kan nata fa? Rabi na bari."

Ya dubi hularsa da ke hannunsa. Da ma zai iya cewa shi namiji ne bai lura ba, amma bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Uwar mijin ta ƙarasa mata tun shekaranjiya. Ta wanke mata, ta yi mata sabo."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau."

"To, madalla," in ji Malama. "Ita ai ta iya."

Ta dubi agogo. Ƙarfe biyu saura minti uku, 'yan aji huɗu na jiranta a ƙasa. Ta ɗauki alli da littafin lacca, ta ɗauki wayar ta duba ko a kunne take, sannan ta fita.